Na tsinci fastar FESTAC ta 1977 a adakar Baba: in kai a yi mata laminatin ko kuwa?

Auwal_TudunWada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Tun bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, akwai wata adakarsa ta ƙarfe a ɗakin Hajiya da ba wanda ya taɓa. Shekaranjiya muka buɗe muna neman takardun fili, sai ga wata fasta can ƙasa, an ninke ta gida huɗu a cikin tsohuwar jarida. Ta bikin FESTAC ce na 1977, wato bikin al'adu da fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Legas, da fuskar nan ta sassaƙa a tsakiya. Hajiya ta ce shi da abokansa sun tafi Legas kallon makaɗa a lokacin, ya dawo da ita, ta daɗe manne a bangon shagonsa kafin ya cire.

Na auna, inci 20 ne da 30. Takardar ta yi jaja-jaja kamar an tsoma ta a ruwan shayi, kusurwa biyu akwai tabon salatif, kuma wajen ninkin tsakiya ya fara tsagewa kamar tsawon ɗan yatsa. So nake in rataye ta a falo. Wani mai shagon hoto ya ce in kawo ya yi mata laminatin ya ɗora a katako, wai ko shekara hamsin za ta yi ba abin da zai same ta. Me kuka gani?

Kwamared_Ɗanliti:
Ni da na ga ana maganar fastoci na ɗauka rigimar coci ce aka kawo mana zaure. Allah ya jiƙan Baba. Ka kai a yi laminatin ɗin mana, satifiket ɗina na sakandare ma shi na yi masa, har yau ƙal yake.

Maman_Fa'iza:
Auwal, don girman Allah kada ka kai. Ka ji na ce kada ka kai. Shekara ashirin da wani abu na yi ina aiki a sashen adana tsofaffin takardu kafin in yi ritaya, kuma ba abin da ya fi ɓata mana rai irin a kawo takarda mai tarihi an riga an ƙona mata leda a jiki. Laminatin zafi ne da gam. Gam ɗin narkewa yake ya shige cikin zaren takardar, daga nan ita da ledar sun zama abu ɗaya har abada. Ranar da ledar ta fara yin rawaya ko ta kumbura, kuma za ta yi, ba mai iya raba su sai dai a yage fuskar fastar. Sannan asid ɗin da ya sa ta yin jan nan da kake gani yana nan a ciki, an kulle shi da ita, ya ci gaba da cin ta a hankali.

Ka'idar aikin guda ɗaya ce: duk abin da za a yi wa tsohuwar takarda, ya zama wanda za a iya warware shi gobe ba tare da ya bar alama ba. Ka auna kowace shawara da za a ba ka a nan da wannan ma'auni, har da tawa.

Kwamared, kai kuma satifiket ɗinka shekara nawa da yi? Ka dawo mana da labari bayan shekara ashirin.

Kwamared_Ɗanliti:
Tuba nake Mama. Na janye.

Malam_Sabo_MaiFirem:
Ni sana'ata ce, a Zariya nake, kuma gaskiya Maman Fa'iza ta faɗa. Amma bari in ɗan kare abokan sana'ata. Kashi tara cikin goma na abin da ake kawo mana hoton biki ne ko na ɗan siyasa, wanda in ya lalace a waya yake, a sake bugawa. Shi ya sa hannunmu ya saba da shafa gam a filawud, a danne, a yanke gefe ya yi daidai da firem ɗin da ke ƙasa. In ba ka buɗe baki ka ce wannan ba ta da ta biyu ba, yaron shago zai sa reza ya datse mata inci guda kana tsaye kana amsa waya. Na ga an yi, ni ma na taɓa yi ina ɗan koyo, kuma har yau ina jin kunyar dattijon.

Abin da za ka ce wa mai firem: ba gam, ba salatif, ba yanka. A yi firem ɗin daidai da fasta, ba a gyara fasta ta shiga firem ba. Kuma kada takardar ta taɓa gilas.

Auwal_TudunWada:
Na gode Mama, na gode Malam Sabo. To in ba gam me zai riƙe ta a ciki? Kuma mene ne laifin ta taɓa gilas? Ni a tunanina gilas ɗin ne zai danne ta ta miƙe.

Malam_Sabo_MaiFirem:
Damina ce laifin. Gilas yana yin gumi ta ciki idan sanyin safiya ya haɗu da laima. In takarda na manne da shi, ita za ta sha gumin, tawada ta liƙe a gilas, ranar da ka zo buɗewa rabin hoton ya bi gilas ya tafi. Duba tsofaffin hotunan aure na gidajenmu, za ka ga wasu sun yi kamar taswira daga ƙasa. Wannan ne. Ana sa kwali mai taga a tsakiya ya zagaye fastar, shi ke ɗaga gilas ɗin sama kaɗan, ko a sa siririn tsinke na roba a ɓoye a cikin bakin firem. Ko milimita 3 ya isa.

Riƙewa kuma, aljihu ake yi mata a kusurwa huɗu, irin na tsohon albam ɗin hoto. Aljihun ne ake manna wa allon baya, ita fastar zura ta kawai ake yi.

Zulai_Zane:
Ƙari a kan maganar Malam: ba kowane kwali ba. Kwalin katan na taliya ko na sabulu, da filawud, da wannan katakon garin itace da ake matsewa, duk suna fitar da asid. Shekara kaɗan za ka ga layin kwalin ya fito a bayan takardar ruwan ƙasa. Abin da ake so shi ne kwalin da aka yi da auduga zalla. In bai samu ba, ka je inda ɗaliban zane suke sayen kaya, ka ce a ba ka takardar zanen ruwa mai kauri wadda aka rubuta auduga ɗari bisa ɗari. Ka shimfiɗa biyu tsakanin fastar da allon baya. Ba ita ce ƙarshen kyau ba amma ta fi a bar ta a kan katako tsirara nesa ba kusa ba. Da ita ma za ka iya ninka aljihun kusurwar.

Maman_Fa'iza:
Zulai ta taɓo inda nake so. Kun taɓa tambayar kanku me ya sa littattafan kakanninmu na ajami da na Larabci, waɗanda aka rubuta tun zamanin Shehu, wasu har yau takardarsu tana lanƙwasuwa ba ta karyewa, amma jaridar bara ta riga ta zama kamar ƙosai? Tsohuwar takardar nan mai tambarin wata uku, wadda fatake suke kawowa ta hamada daga Italiya, da tsumma aka yi ta. Takardar jarida da ta yawancin fastoci kuwa da niƙaƙƙen itace ake yi, kuma a cikin itace akwai wani sinadari, lignin, wanda in ya sha iska da haske sai ya rikiɗe ya zama asid. Ajiye jarida a gaban mota kwana biyu a rana ka gani. Wanda ya buga fastar nan bai yi ta don ta kai 1978 ba ma, balle yau. Sanarwa ce, a gani a zo, ruwa ya wanke.

Saboda haka Auwal, abu na farko tun kafin maganar firem: raba ta da jaridar nan da aka naɗe ta a ciki. Yau ɗin nan. Ita ce ta ƙara mata ja.

Kuma ku lura da hikimar malamanmu na da. Ba sa ɗinke littafi, ba sa shafa masa komai. Warƙa-warƙa ne, a sa tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka, a rataye inda gara ba ta kaiwa. Duhu, bushewa, ba gam. Abin da turawan gidan tarihi suke koyarwa da dogon turanci ke nan.

Ɗan_Damagaram:
Sannunku da hira. Mu nan wajenmu abin da ke kashe takarda ba laima ba ne, hunturu ne da ƙura. Ina da afish, wato fasta, na wani wasan makaɗa da aka yi a Yamai ina saurayi, na ninke na sa cikin littafi. Da na zo buɗewa cikin watan Janairu sai ta rabe biyu a hannuna kamar busasshen ganyen kuka. Ɗan'uwa kar ka yi gaggawar miƙe ninkin nan, musamman in iska ta bushe.

Injiniya_Habu:
A sa mata dutsen guga mana, wuta kaɗan, a ɗora ƙyalle a sama. Haka nake yi wa takardun da suka yamutse.

Maman_Fa'iza:
Injiniya, wannan ba shadda ba ce. Zafi tsufa yake ƙara wa takarda, kuma zai narkar da ragowar gam ɗin salatif ya ƙara nutsewa ciki. A bar guga.

Maganar Ɗan Damagaram ita ce daidai. A ƙasarmu da hunturu laimar iska tana sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ta haura kashi 70. Takarda numfashi take yi, ta sha ta kumbura, ta bushe ta tsuke, kowace shekara. Shi ya sa ma ba a ɗaure ta tamau ta kowane gefe, dole a bar mata ɗan wurin motsi a cikin aljihun nan. Masu adana takardu sun fi son laima tsakanin kashi 30 zuwa 50, in ta wuce 65 ta daɗe a haka sai fumfuna ta tsiro.

Yadda za ka miƙe ta: wanke hannu ka shanya, ba mai ba turare. Buɗe ta a hankali a kan tebur mai tsabta a ɗakin da ba fanka, lokacin da iska ke da ɗan laushi. Kada ka fesa mata ruwa. Ka bar ta kwana biyu ta saki jiki da kanta. Sannan farar takarda a ƙasa, farar takarda a sama, allo mai santsi a kai, ka jera littattafai. Ka manta da ita sati biyu ko uku. Layin ninkin ba zai ɓace gaba ɗaya ba, kuma ba laifi. Shekara arba'in da wani abu ta yi a ninke, ba za ta mance a wata guda ba.

Bashir_Amurka:
Na zo a makare. Ni a nan na faɗa harkar nan ba da niyya ba. Na je wasan wani makaɗin jita ɗan Agadas, a bakin ƙofa ana sayar da fasta wadda aka buga da hannu, launi bayan launi ta cikin rariyar siliki, kowace da lambarta da fensir a ƙasa, tawa ta 62 ce cikin 150. Daga nan na shiga bin masu tarawa, na ga ashe duniya ce guda.

Cibiyar abin San Faransisko ce a shekarun 1960. Wani mai shirya wasanni, Bill Graham, yana sa a zana fasta ga kowane wasa a zauren Fillmore tun daga 1966, masu zane irin su Wes Wilson suna murɗa haruffa har sai ka tsaya ka ƙura ido kafin ka karanta. An jera su da lamba, sun kusa 300, kuma akwai mutanen da burinsu a duniya su haɗa su duka. Kafin su akwai maɗaba'u irin Hatch Show Print a Nashbil, wadda take aiki tun 1879 da haruffan katako, da Globe ta Baltimo da take buga wa su James Brown fastoci masu launi mai ƙyalli kamar rigar 'yan kwana-kwana. Irin wannan launi mai ƙyalli shi ya fi kowanne saurin koɗewa a haske.

Abin da ya shafe ka Auwal: a wajen mutanen nan, fastar da ke da ramin ƙusa da ɗan yagewa amma ba a taɓa ta ba, ta fi wadda aka manne a katako tana sheƙi daraja. Ramin ƙusa shaida ce cewa ta ga bango a zamaninta. Wadda aka datse wa gefe ko aka yi wa laminatin kuwa, da yawansu ko kallo ba ta ishe su ba.

Kwamared_Ɗanliti:
Yallaɓai Bashir bar zagaye-zagaye, nawa ake saye?

Bashir_Amurka:
Ya danganta. A 2022 an yi gwanjon fastar wasan da mawaƙin Amurka Buddy Holly yake kan hanyar zuwa lokacin da jirginsu ya faɗi a watan Fabrairun 1959, ta tashi dala 447,000. A shekarar dai an sayar da ta wasan mawaƙan Beatles na filin Shea da ke New York na 1966 a kan dala 275,000. Amma kada kowa ya ɗauki kalkuleta. Waɗannan ƙalilan ne suka rage a duniya kuma masu kuɗi ke rububinsu. Yawancin fastoci kuɗinsu bai wuce na cefane ba. Ga kuma jabu da bugu na biyu da na uku, har littattafai ake rubutawa kan yadda za a bambance bugun farko ta kaurin takarda da ƙananan alamomin maɗaba'a.

Barista_Nafi'u:
Tunda an ambaci dala bari in yi aikina kyauta. Malam Auwal, fastar nan a adakar marigayi aka same ta, ke nan tana cikin abin da ya bari. Ko sisi ba ta kai ba, ka sanar da 'yan'uwanka su yafe maka ko a ƙiyasta. Na ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba.

Auwal_TudunWada:
Barista ba sayarwa zan yi ba wallahi. Amma ka yi gaskiya, zan faɗa a zauren gidanmu. Yayata ma tana nan aka buɗe, dariya ta yi ta ce in kwashe tarkacena.

Abu_Sumayya:
Ni tambayata daban ce, kuma ba da niyyar ɓata wa kowa ba. Hoton sassaƙa ne fa a jiki. Ya dace a rataye shi a falon musulmi, inda wataƙila har salla ake yi? A tambayi malamai kafin a kashe kuɗin firem.

Mai_Unguwa:
Abu Sumayya, an ji, kuma tambaya ce mai kyau, amma nan ba zauren fatawa ba ne. Auwal ya san malaminsa. A ci gaba da maganar takarda.

Tsohon_Malamin_Tarihi:
Tunda an taɓo fuskar, a san ko ta wace ce. Sarauniya Idia ce, mahaifiyar Oba Esigie na Benin, an sassaƙa ta da hauren giwa a ƙarni na 16. Sojojin Ingila suka kwashe ta a harin 1897, tana gidan tarihin Birtaniya a Landan. Da za a yi FESTAC Nijeriya ta nemi a ba ta ko aro ne, aka hana, sai da aka sa masassaƙi ya yi wata. An yi bikin daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, zamanin Obasanjo na soja. Stevie Wonder ya zo, Miriam Makeba ta zo, Gilberto Gil daga Barazil, Franco daga Zayar, Bembeya Jazz daga Gini. Fela ya ƙaurace, yana nasa wasan a gidan rawarsa baƙi na tururuwa can, kwana shida da rufe biki sojoji suka ƙone masa gida. Mu kuma nan Kaduna aka kawo mana hawan daba, ina ɗan sakandare, ban taɓa ganin dawaki da raƙuma masu yawan na ranar ba. Auwal, in da rabo wataƙila mun tsaya kusa da mahaifinka a cikin ƙurar nan.

Alhaji_Nima:
Gaisuwa daga Ankara ta ƙasar Gana. Mu ma muna da namu, babban wasan da aka yi a dandalin Black Star ran 6 ga Maris 1971, Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Santana, aka kwana ana yi. Wana ya ajiye takardar sanarwar a ƙarƙashin katifa shekara da shekaru, kyankyasai suka cinye bayanta saboda kokon rogo da aka manna ta da shi. Nan bakin teku ne, laima ba ta barin komai. Ku na arewa ku gode Allah. Kuma kun san fastocin fim da yaranmu suke zanawa da fenti a buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990? Mu muna shimfiɗa su a kan rumfa, turawa suka zo suka saye, yanzu suna bangon gidajen nune-nune a Turai da Amurka.

Maman_Fa'iza:
Alhaji ya tuna mini da ƙwari. Kyankyaso da ɗan ƙwaron nan mai ruwan azurfa da ke gudu in an ɗaga littafi, sitaci suke bi. Gara kuma ba ta zaɓe. A rufe bayan firem da takarda ruf, kada a bar kafa. Kada a fesa wa fastar fiya-fiya ko wani maganin sauro, mai ne a ciki, tabo zai bari. Kafur ma kada ya taɓa jikinta. A manyan gidajen adana kaya firiza suke sa takarda mai ƙwari, a ƙulle a leda, sati guda ko fiye a sanyi mai tsanani. Ban ce ka gwada ba, da irin wutarmu za a ɗauke cikin dare, ta narke ta jiƙe, a yi ba a yi ba.

Zulai_Zane:
Ba wanda ya yi maganar haske sosai, kuma ni a ganina shi ne babban ɓarawo. Gidajen tarihi suna nuna aikin takarda a haske mai rauni ƙwarai, lux 50 a ma'aunin ƙarfin haske, alhali rana tsaka tana kaiwa lux 100,000. Duk da haka wata uku suke yi su mayar da shi duhu. Ɓarnar haske taruwa take yi, launin da ya tafi ba ya dawowa, kuma ja da rawaya su ke fara gudu. Ku dubi fastocin 'yan takara wata biyu bayan zaɓe, kowa ya koma shuɗi. Akwai gilas na musamman mai tare kusan kashi 99 na hasken UV, wanda ido ba ya gani, amma tsada gare shi kuma sai an yi oda. Shi ma ba ya hana hasken da ido ke gani yin tasa ɓarnar.

Ni da tawa ce, sikanin zan kai a yi mata a inda suke da babban inji na masu zanen gini, a buga mini kwafi mai kyau in rataye, ta ainihin kuma ta kwanta a shimfiɗe cikin duhu.

Bashir_Amurka:
A nan kam ban bi ki ba Zulai. Kwafi kwafi ne. Mutum yana so ya ɗaga ido ya ga takardar da hannun babansa ya taɓa, ba hotonta ba. In za a kulle ta a duhu har a mutu, wa aka ajiye wa? Tawa tana rataye a lungun da rana ba ta kaiwa, fitilar LED ce a wurin, shekara shida ban ga ta canja ba.

Zulai_Zane:
Ba za ka gani ba ai Yaya Bashir, tunda kullum kana kallonta. Ɗaga kwalin gefen ka kwatanta inda ya rufe da inda ke buɗe, sannan ka zo mu yi magana. Kuma taka sabuwa ce a takarda mai kauri, tasa ta riga ta sha bangon shago.

Malam_Sabo_MaiFirem:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma ni da kwastoma nake hulɗa, na san ba zai ajiye a duhu ba. To in za a rataye: ba bangon da ke kallon taga ba, ba bangon waje da ruwa ke duka ba, ba wanda banɗaki ke bayansa ba. A sa ɗan toshe a kusurwar ƙasa ta baya don iska ta riƙa wucewa tsakanin firem da bango. Sai abin da ba wanda zai gaya maka a littafin turawa: turaren wuta. Matanmu suna turara falo safe da yamma, hayaƙin nan mai ne, yana shiga ko'ina. Ina buɗe firem in ji ƙamshin sandal a jikin hoto, gefensa ya yi baƙi. Haka hayaƙin janareto.

Wasu suna sa roba mai kama da gilas don ba ta fashewa. Tana da kyau in firem babba ne, amma tana jan ƙura da hunturu kamar mayen ƙarfe, kuma in an goge da busasshen tsumma sai ta karce.

Hajiya_Turai:
Malam Sabo, a bar mana turarenmu. Sai dai fastar ta koma ɗakin maigida.

Injiniya_Habu:
To tabon salatif ɗin fa? Na san kalanzir ko fetur na cire gam.

Maman_Fa'iza:
Injiniya kai dai ba ka gajiya. A'a. Zai cire gam ya tafi da tawada, ya bar da'irar mai. Tsohon salatif ledarsa kan faɗi da kanta, tabon rawayan kuma ya riga ya shiga zare, ko ƙwararru da sinadaransu ba kullum suke cin nasara a kansa ba. A bar shi, kwalin gefe zai iya rufe shi. Tsagewar tsakiyar ce abin kula. Yadda ake yi, siririyar takardar Japan ake yagowa, a shafa mata kunun sitacin alkama da aka dafa da tataccen ruwa, a liƙa ta baya, domin gobe ɗan danshi kaɗan zai sake ta. Amma hannu yake so. In ba ka taɓa yi ba kada ka fara a kan wannan. Tunda a Kaduna kake, ga Gidan Arewa ga ma'adanar takardu ta ƙasa, ka je ka yi sallama ka nemi wanda ya san gyaran takarda ya duba maka. Kafin nan, duk lokacin da za ka ɗaga ta, a kan allo za ka ɗauke ta kamar tire, ba a riƙe ta da kunne ba.

Auwal_TudunWada:
Jama'a ga inda aka kwana. Na raba ta da jaridar kamar yadda Mama ta ce, na buɗe ta a kan teburin cin abinci. Da na zo juya ta a kan allo sai na ga rubutu a baya, da biro shuɗi, hannun Baba ne. Lissafin kuɗin tafiyarsu ne: kuɗin jirgin ƙasa, na masauki, na abinci, da sunayen mutum huɗu, kowa da abin da ya bayar, ɗaya an rubuta masa "saura naira biyu". Na kai wa Hajiya ta gani, ta yi shiru, can ta ce duk cikinsu mutum ɗaya ne ya rage da rai, kuma shi ne mai saura naira biyun.

Da na bi ta mai shagon hoto da yanzu rubutun nan yana manne a katako ban ma san da shi ba. Yanzu kuma ban san wane gefen nake so in riƙa gani ba. Hajiya ta ce in mayar mata da ita adaka inda mai ita ya ajiye.

Zulai_Zane:
Allahu akbar. Tawadar biro ta fi ta maɗaba'a saurin koɗewa, bayan nan kam kada ya ga haske. Ka ɗauki hotonsa yanzu.

Kwamared_Ɗanliti:
Barista, naira biyun nan ta 1977 ta shiga gado ko ba ta shiga ba?

Barista_Nafi'u:
Sai an fara tabbatar da wa ake bin, Kwamared.

Malam_Sabo_MaiFirem:
Ana yin firem mai fuska biyu, taga gaba taga baya, a sa wa ta bayan murfin da ake ɗagawa. Na taɓa yi sau ɗaya, wa wata takardar yabo. Amma ka fara shawo kan Hajiya tukuna. In ta yarda, turo mini awon a santimita, kuma ka auna ta sama da ta ƙasa daban, tsofaffin nan ba kasafai suke zama daidai ba.